Sulhu Mai Harshen Damo: Direbobin Miniyapolis da Iyayen Gidansu a 1934

Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun sharɗanta abu biyu kafin ƙulli ya inganta tsakanin mai ba da aiki da mai yinsa, watau a san gwargwadon lada, a kuma san haddin aiki. Duk kuwa ƙullin da aka bari cikin duhu ta ɗayan fuskokin nan, sun ce gharari ya shige shi, kome kyawun niyyar waɗanda suka ƙulla. Ban gane nisan hangen nan nasu sosai ba sai da na bi tarihin wata husuma da ta auku a ƙasar da ba a biya Risala ko Muhtasar, a birnin Miniyapolis na jihar Minisota ta Amurka, cikin shekara ta 1934, tsakanin direbobin manyan motocin kaya da attajiran da suke yi wa aiki. Husuma ce da aka sasanta har sau uku cikin abin da bai cika wata bakwai ba, aka yi hasarar rayuka huɗu a tsakani, kuma mafi munin abin da ya faru a cikinta ya ɓullo ne daga jumla guda wadda wani mai son zaman lafiya ya bari da harshe biyu.

Miniyapolis, in ka so, ka ce gari ne da gari ya raya, ina nufin garin alkama. A bakin wani magangarin ruwa na kogin Misisipi aka kafa manyan injinan niƙa, irin su na Pillsbury da na Washburn-Crosby, waɗanda suka daɗe suna ciyar da Amurka da ƙetare; a ƙidayar 1930 mutanen birnin sun haura 460,000. Amma ban da niƙa, birnin shi ne rumbun dukan filayen noma da ke yamma da shi, har zuwa Dakota ta Arewa da ta Kudu da Montana: kaya su zo a jirgin ƙasa, a sauke su a sito, 'yan lodi su jera, sa'an nan motoci su rarraba su zuwa kantuna da ƙauyuka. Wanda duk ya iya tsai da motocin nan, ya riƙe maƙogwaron birnin. Attajirai sun san haka tun kafin direbobi su sani, don haka tun a 1903 suka kafa wata jam'iyya da suka raɗa wa suna Citizens Alliance, ma'ana ƙawancen 'yan gari, alhali kuwa ƙawance ne na masu dukiya zalla, wanda ya tara kamfanoni wajen 800. Aƙidarsu ɗaya ce tak, ba su kuwa ɓoye ta: kada wani kamfani ya yi ciniki da ƙungiyar ma'aikata, kowane lebura ya zo shi kaɗai, hula a hannu, ya ji abin da za a ba shi. Suna da 'yan leƙen asiri a cikin ma'aikata, suna da ofishin ɗaukar aiki inda ake tace sunan mai yawan magana, kuma manyan bankunan garin na bayansu, ta yadda mai kamfanin da zuciyarsa ta yi taushi har ya sa hannu da ƙungiya yakan wayi gari ya tarar ƙofar rance ta rufe masa. A 1916 direbobi sun taɓa gwada yaji, aka murƙushe su, shekara goma sha takwas ba su sake ɗaga kai ba.

Ita kuwa ƙungiyar direbobin ta ƙasa, wadda ake kira Teamsters, sunanta ma daga zamanin dawaki ya samo asali, sa'ad da ake ɗaura dawaki biyu ko huɗu su ja keken kaya, shi ya sa har yau kawunan dawaki biyu ne a jikin tambarinta. Shugabanta, Daniel Tobin, wanda ya hau tun 1907, mutum ne mai tsantseni wanda ba ya ƙaunar yaji, ya kuma fi son a tsaya ga masu riƙe sitiyari da yaran motarsu kawai. Reshenta na Miniyapolis, mai lamba 574, bai wuce mutum 75 ba a 1933. Sai dai a cikin masu shebur da masu tuƙi a filayen sayar da kwal akwai waɗansu mutane ƙalilan masu dogon nazari: Vincent Dunne da 'yan'uwansa Miles da Grant, da Carl Skoglund wanda ya yi ƙaura daga Suwidin, da wani saurayi Farrell Dobbs wanda yake karɓar dala 18 a kan aikin awa 60 a mako. Su Dunne da Skoglund 'yan gurguzu ne na ɗariƙar Trotsky, Dobbs kuma ya bi sahunsu. Wannan kuwa ya zama sandar da aka yi ta dukansu da ita har ƙarshen labari. Shugaban reshen, Bill Brown, ba ɗan mazhabarsu ba ne, amma direba ne da ya gaji da zaman jiran tsammani, sai ya buɗe musu ƙofa.

Abin da ya ƙara musu ƙarfin gwiwa shi ne wata doka da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta yi a 1933 don farfaɗo da masana'antu daga karayar arzikin da ta durƙusar da ƙasar, wadda wani sashe nata ya ce ma'aikata na da hakkin haɗa kai su yi ciniki ta bakin wakilan da suka zaɓa. Doka ce mai daɗin ji, amma ba ta da haƙora, gama hukumomin ƙwadago da aka kafa a ƙarƙashinta ba su iya tilasta kowa. Sai dai su yi nasiha, su rubuta takarda.

Karon farko na yajin ya zo a ranar 7 ga Fabrairun 1934, cikin tsakiyar hunturu, a ƙasar da sanyi ke kisa in babu wuta a ɗaki. Cikin filayen kwal 67 aka rufe 65, kuma kwana uku kacal aka yi masu kwal suka sakko. Ba wani babban abu aka samu ba ta wajen kuɗi, amma labari ya bazu cewa bangon nan da ake cewa ba ya tsagewa ya tsage, kafin watan Mayu kuwa reshen 574 ya tara mutum kusan 5,000. A nan ne fa asalin rigimar ya kwanta, domin ba direbobi kaɗai aka rubuta ba. Shugabannin sun duba sun ga cewa direba, kome ƙwarewarsa, ba ya tashi sai an yi masa lodi, kuma in ya ajiye mukulli alhali masu aiki a cikin sito suna nan, gobe za a nemo wani ya hau kujerarsa; saboda haka suka shigar da duk wanda hannunsa ke taɓa kayan: 'yan dako na bakin dandamali, da masu ɗaurin kaya, da masu fige kaji, da masu kula da ɗakunan nunar ayaba a kasuwar sari. Waɗannan su ake kira ma'aikatan ciki, su ne kuma mafi ƙasƙancin lada da tsawon awa. Masu kamfani, a nasu ɓangaren, sun fahimci cewa in suka yarda ƙungiyar direbobi ta yi magana da yawun mai fige kaza a cikin sito, to babu sauran ƙofar masana'anta a birnin da ƙungiya ba za ta ƙwanƙwasa ba.

Ranar 16 ga Mayu motoci suka tsaya. Ya kamata mai karatu ya ɗan leƙa hedkwatar masu yajin, domin a can ne za a ga bambancin wannan yaji da hargitsin 'yan tasha. Wani tsohon gareji ne suka yi haya a lamba 1900, titin Chicago. A kusurwar da a da ake wanke motoci aka girka tukwane, matan direbobi da 'ya'yansu mata, waɗanda suka kafa nasu reshen, suna feraye dankali dare da rana suna ciyar da dubban bakuna. A wata kusurwar aka jera gadaje, da likita da masu jinya, don kada wanda aka fasa wa kai ya tafi asibitin gari a kama shi a kan gado. Makanikai kuma suna ƙarƙashin motoci suna gyara. Ga wayoyin tarho a jere a kan tebur, masu gadi daga kowace mashigar gari suna bugowa, in an hango motar kaya ta motsa sai mai rabon aiki ya tashi ayari guda na ƙananan motoci cike da maza su tare ta. Akwai har akwatin rediyo da ake sauraron maganar 'yan sanda da shi. Wata majalisa, duk daga cikin masu aikin, ita ke yanke shawara, kowane dare kuma a tara jama'a a gaya musu inda aka kwana. Motocin madara da na ƙanƙara da na kwal, waɗanda direbobinsu ke da yarjejeniya, an bar su suna yawo.

Attajirai kuma ba su zauna ba. Suka sa aka rantsar da ɗaruruwan mutane a matsayin 'yan sandan wucin gadi, cikinsu har da lauyoyi da 'yan kasuwa da samarin manyan gidaje, aka ba kowa kulki da lamba. Ranar Litinin 21 ga Mayu da Talata 22 aka gwabza a kasuwar sari, kulki da kulki, sanda da bututun ƙarfe, a gaban taron da ya kai dubbai. 'Yan wucin gadin nan, waɗanda suka fito kamar masu zuwa kilisa, suka watse suna zubar da lambobinsu, aka kashe biyu daga cikinsu: Arthur Lyman, babban jami'in wani kamfani kuma jigo a Citizens Alliance, da Peter Erath, wanda shi talaka ne da neman abinci ya kai shi. Ban ga dalilin da zai sa marubuci ya ɓoye wannan ba don yana tausayin direbobi. Jinin farko da aka zubar har lahira a hannun masu yaji ya zuba.

A nan Gwamna Floyd Olson ya shigo. Ɗan talakawa ne da ya tashi a arewacin birnin, ya ci zaɓe a 1930 a ƙarƙashin jam'iyyar manoma da ma'aikata, kuma ƙuri'un irin mutanen nan na gareji ne suka ɗora shi. Amma shi ne kuma aka rantsar don ya kiyaye doka, ga zaɓe na tafe a watan Nuwamba. Gaba kura, baya sayaki. Ya sa aka yi tsagaita wuta, ya kira dakarun jiha ya ajiye su a shirye, aka shiga shawara a otal ɗin Nicollet. Shawarar ma abin kallo ce: masu kamfani sun ƙi zama ɗaki ɗaya da wakilan 574, domin a ganinsu zaman kansa iƙirari ne da ƙungiyar, sai 'yan hukumar ƙwadago da Gwamna suka zama 'yan aike, suna ɗaukar takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan. Aka daidaita a kan mai da kowa bakin aikinsa, da mafi ƙarancin lada, da kai saɓani gaban masu hukunci. Aka kuma yi dabarar cewa abin da za a fitar umarni ne na hukuma wanda kowa ya yarda da shi, don kada a ce attajiri ya ƙulla alkawari kai tsaye da ƙungiya. Sai magana ta tsaya cik a kan ma'aikatan ciki.

Mafitar da aka samo ita ce jumlar da na ambata tun farko. Aka rubuta cewa kalmar ma'aikata a cikin takardar ta ƙunshi direbobi da yaran mota da sauran waɗanda bisa al'ada suke cikin sha'anin jigilar kaya. To, wane ne ke cikin sha'anin jigilar kaya bisa al'ada? Mai ɗora buhu a bayan mota lalle yana ciki. Mai turo buhun daga cikin sito zuwa bakin ƙofa fa? Mai ɗinke bakin buhun fa? Wakilan direbobi suka tambayi Gwamna, ya tabbatar musu da baki cewa lafazin ya game ma'aikatan ciki. Masu kamfani kuwa suka karanta lafazin nan, suka ga bai ambace su ba, suka sa hannu da tasu fahimtar a zuci. Ranar 25 ga Mayu aka yi shelar sulhu, kowane ɓangare ya koma gida yana ganin shi ya yi rinjaye.

Na daɗe ina juya wannan al'amari, kuma ba na jin adalci ne a kira Olson mayaudari. Mutum ne da ya ga an zubar da jini a kasuwa, ya ga sojoji a bakin gari, ya kuma san cewa in ya fayyace lafazin ta kowace fuska ɗayan ɓangaren zai tashi ya bar teburin; sai ya zaɓi ya sayi kwanaki da shubuha, yana fatan in ƙura ta lafa zukata za su yi sanyi, tawili ya zo da sauƙi. Masu shiga tsakani da yawa sun yi haka kafinsa, wani lokaci kuma takan fisshe su, musamman idan abin da aka lulluɓe reshe ne na magana. Kuskurensa shi ne abin da ya lulluɓe ɗin shi ne saiwar. Kuɗi ana iya raba shi biyu a haɗu a tsakiya, amma tambayar ko mai fige kaza ɗan ƙungiya ne ba ta da tsakiya. Kuma tabbacin da ya bayar da baki ya bayar, a ɗakin da ɗaya ɓangaren ba ya ciki, don haka ba hujja ba ce a kan kowa sai a kansa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Cikin watan Yuni ƙungiya ta tara ɗaruruwan ƙorafi na waɗanda aka kora ko aka rage wa lada, masu kamfani kuma suka ce ba za su tattauna kan kowane ma'aikacin ciki ba, hukumar ƙwadago ta yi ta jan ƙafa. Tobin, daga ofishinsa, ya rubuta maƙala a mujallar ƙungiya yana sukar 'yan gurguzun Miniyapolis, attajirai suka ɗauke ta suka biya jaridu suka buga a matsayin talla; da ɗan gari akan ci gari. Direbobi suka mai da martani da tasu jaridar, The Organizer, wadda ta koma fita kullum. Ranar 17 ga Yuli motoci suka sake tsayawa, wannan karon kuwa shugabanni suka hana mutanensu ɗaukar ko da sanda, suka kuma yi yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma aka ba su fili su sayar da amfanin gonarsu, don kada a haɗa su faɗa da mutanen karkara.

Ranar Juma'a 20 ga Yuli, da misalin ƙarfe biyu na rana, wata motar kaya ta fito daga wani sito a unguwar kasuwa, ba ta ɗauke da kome sai 'yan akwatuna, amma 'yan sanda kusan 50 ne ke rakiyarta, riƙe da bindigogi irin masu watsa ƙananan harsasai. Wata buɗaɗɗiyar mota cike da masu yaji, hannu rabbana, ta sha gabanta. Ba a yi gargaɗi ba aka buɗe wuta, a kan na cikin motar da farko, sa'an nan a kan waɗanda suka ruga don su ɗauke waɗanda suka faɗi, sa'an nan a kan masu gudu. Mutum 67 aka harba, da yawansu a gadon baya. Henry Ness, tsohon soja na yaƙin duniya na farko, uban 'ya'ya huɗu, ya cika bayan ɗan lokaci. John Belor, wanda ba shi da aiki ma, ya zo ne don taya 'yan'uwa, ya bi shi a farkon Agusta. Kwamitin binciken da Gwamna ya kafa daga baya ya tabbatar da cewa 'yan sanda sun auna ne don su kashe, alhali rayukansu ba su cikin haɗari. Ranar jana'izar Ness mutum wajen 40,000 suka bi makara.

A lokacin nan akwai manzanni biyu na gwamnatin tarayya a garin: E. H. Dunnigan, jami'in sulhu na ma'aikatar ƙwadago, da Francis Haas, limamin cocin Katolika, masanin sha'anin ma'aikata, wanda daga baya ya zama bishop. Abin da ya bambanta aikinsu da na watan Mayu shi ne sun daina neman lafazin da zai faranta wa kowa. Ranar 25 ga Yuli suka fito da shawara a fili, da adadi da suna: a mai da kowa aikinsa, a yi zaɓe a kamfanoni don ma'aikata su faɗi wanda zai wakilce su, direba ya sami senti 52 da rabi a awa, yaron mota da ma'aikacin ciki senti 42 da rabi, kuma a kamfanoni 22 na kasuwar sari, ma'aikatan ciki suna cikin ƙungiya, ba tare da wani tawili ba. Wannan bai kai abin da direbobi suka nema ba, domin sun so a haɗa ma'aikatan ciki na ko'ina, amma suka karɓa nan take. Kwamitin masu kamfani, mai magana da yawun kamfanoni 166, ya ƙi, yana cewa ba ya ciniki da 'yan gurguzu. Daga ranar nan jama'ar gari suka san wanda ke riƙe da ƙofa.

Kashegari Olson ya kafa dokar soja, ya cika birnin da dakaru 4,000, ya ce babu motar da za ta motsa sai da takardar izni. Sai dai hafsoshin da ke rabon takardun sun yi ta bayarwa kamar goron sadaka, cikin 'yan kwanaki dubban motoci suka koma kan titi, direbobi suka ga cewa yajinsu na narkewa a hannun gwamnan da suka zaɓa. Da suka ce za su koma tare hanya, sai sojoji suka dira a hedkwatarsu da asubar 1 ga Agusta, suka kama Vincent Dunne da Miles Dunne da Bill Brown suka tsare a filin baje kolin jiha. Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai tsammanin in an sare kai jiki zai kwanta: da aka rasa masu tsawatarwa, sai kifar da motoci ya yawaita a lungu-lungu, har Gwamna ya gane cewa ya kulle mutanen da su kaɗai ne zai iya yin magana da su. Ya sake su, ya mai da musu garejinsu, ya kuma tura sojojin nan ofishin Citizens Alliance suka kwashe takardu, sa'an nan ya soke izni ga kowa sai masu kayan larura da kamfanin da ya sa hannu a kan shawarar Haas da Dunnigan. Attajirai suka kai ƙara kotun tarayya a ɗage dokar sojan, alƙalai suka ƙi.

Duk da haka ba su sakko ba, kuma lissafinsu ba na wauta ba ne, domin tukwanen gareji sun fara yin ƙasa, haya ta taru a kan mutane, waɗansu sun soma komawa aiki a ɓoye. Abin da ya karya taurin kansu daga wata kusurwa ya zo wadda ba a cika ambata a waƙoƙin ma'aikata ba. Ranar 8 ga Agusta Shugaba Roosevelt ya zo garin Rochester na jihar don karrama wasu likitoci 'yan'uwa biyu na asibitin Mayo, Olson ya same shi a can. Manyan bankunan Miniyapolis, waɗanda su ne ƙashin bayan Citizens Alliance, suna numfashi ne a lokacin da miliyoyin dalolin rance daga wata hukumar tarayya da aka kafa don ceto bankuna, wadda Jesse Jones ke shugabanta. Daga Washinton aka yi wa masu bankin hannunka-mai-sanda, su kuma suka juya ga abokan cinikinsu. Makamin nan da ƙawancen attajirai ya shekara talatin yana tsorata ƙananan kamfanoni da shi, watau rufe ƙofar bashi, shi aka ɗora musu a wuya. Wani sabon manzo, P. A. Donoghue, ya iso daga babban birni, A. W. Strong kuwa, dattijon da yake cikin waɗanda suka kafa ƙawancen ya kuma rene shi, ya ba da kai.

Daren 21 ga Agusta, bayan kwana 36, taron 'yan ƙungiya ya amince. An mai da masu yaji bakin aikinsu bisa jerin daɗewa, ba tare da ware waɗanda ake tuhuma da faɗa ba, abin da masu kamfani suka daɗe suna nacewa a kai. An yarda da zaɓe a kamfanoni 166. An rubuta ma'aikatan ciki na kamfanoni 22 na kasuwa da bayanin ayyukansu. Don a bar wa attajirai abin rufe fuska, aka rage ladan zuwa senti 50 da senti 40, da sharaɗin cewa ƙungiya na iya kai maganar ƙari gaban masu hukunci. A zaɓen da aka yi, 574 ta faɗi a ƙananan kamfanoni da dama, amma ta ci manya, inda yawan ma'aikata yake.

Sauran labarin ana iya taƙaita shi. Wannan yaji, tare da na Toledo da na ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta San Faransisko a shekarar nan, yana cikin abin da ya sa majalisar ƙasa ta yi dokar Wagner a 1935, wadda ta ba hukumar ƙwadago ikon tilastawa da ta rasa a Miniyapolis. Olson ya ci zaɓensa na Nuwamba, ciwon daji ya ɗauke shi a 1936 yana da shekara 44. Tobin ya ƙwace rajistar reshen a 1935, ya mayar a 1936 da sabuwar lamba, 544. Dobbs ya bi direbobin dogon zango daga gari zuwa gari har aka ƙulla yarjejeniya guda a 1938 wadda ta game jihohi 11, kuma a wajensa ne wani matashi daga Detroit mai suna Jimmy Hoffa ya koyi sana'ar da ta kai shi ga yarjejeniyar ƙasa baki ɗaya ta 1964. A 1941 gwamnatin Roosevelt ɗin nan ta gurfanar da shugabannin Miniyapolis a ƙarƙashin dokar Smith, aka yanke wa mutum 18 ɗauri, cikinsu har da Vincent Dunne da Skoglund da Dobbs.

Amma kafin duk wannan, a cikin kakar 1934 ɗin, ƙungiya ta yi amfani da sharaɗin nan na ƙarshe, ta kai maganar lada gaban masu hukunci. Suka saurari kowane ɓangare, suka yanke wa direba senti 52 da rabi a awa, yaron mota da ma'aikacin ciki senti 42 da rabi, daidai da abin da Haas da Dunnigan suka rubuta tun ranar 25 ga Yuli, kamfanonin kuwa suka biya.